KUJERAR ƘURI'A DA KUJERAR BINDIGA

Ƴan'uwa, ƴan jam'iyya maza da mata, na Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai da dukan garuruwan kasuwa! Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Kada takardar nan ta kwana a aljihun mutum guda.

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a rumfunan kasuwa da bakin tasha, masu manyan riguna ne ke yaɗa ta. Wai in mai mulki ya kira ɗan siyasa ya ba shi minista, to ya karɓa, ko da mai mulkin nan da bindiga ya hau. Wai gyara daga ciki ake yin shi. Wai na waje sai ihu, na ciki shi ke riƙe da alƙalami. Mu kuwa mun ce ƙarya ne. Ba musun baki za mu tsaya yi ba, shaida za mu kawo, shaidar kuwa ba ta da nisa. Tana nan Kano, inda fatakenmu ke zuwa sari. Duk wanda ya taɓa shiga babbar kasuwar Sabon Gari, ya shiga kasuwar da aka sa wa sunan mutumin da za mu yi magana a kansa, watau Muhammadu Abubakar Rimi.

Rimi ya rasu ran 4 ga Afrilu 2010, Allah ya jiƙansa, ya yafe masa. Wani zai ce ba a tonon mamaci. Gaskiya ne, ba mu da ta cewa a kan gidansa, ba mu da ta cewa tsakaninsa da Mahaliccinsa. Amma aikin da mutum ya yi bisa kujerar jama'a, na jama'a ne, dole a auna shi. Mun zaɓe shi kuwa don mutumin kirki ne mai ƙarfin zuciya. Da ragon banza ne, da masu manyan riguna sun ce laifin mutumin ne, ba laifin kujerar ba.

WANE NE RIMI?

An haife shi a 1940 a ƙauyen Rimi, ƙasar Sumaila, kudu da birnin Kano. Ya taso cikin aƙidar NEPU, jam'iyyar talakawa da aka kafa a Kano a watan Agusta 1950, wadda Malam Aminu Kano ya shugabanta. Ya yi karatu har Ingila. Ya zauna cikin majalisar da ta tsara wa Nijeriya sabon tsarin mulki a 1977 da 1978. Da soja suka buɗe ƙofar siyasa, sai Malam Aminu ya kafa PRP, Rimi ya bi shi. A zaɓen 1979 Alhaji Shehu Shagari na NPN ya ci shugaban ƙasa, amma PRP ta ci jihohi biyu: Balarabe Musa a Kaduna, Rimi a Kano. Ran 1 ga Oktoba 1979 ya hau, yana da shekara 39. Ku tuna, Jihar Kano ta wannan zamani ta haɗa har da Jigawa, wadda ba a cire ba sai 1991. Watau ƙasarsa ta taɓo iyakarmu.

ABIN DA KUJERAR ƘURI'A TA YI

Yana hawa, ya soke haraji da jangali. Ba sai mun gaya wa mutumin Nijar mene ne wannan ba, gama iyayenmu sun san lanho. Sun san ranar da mai unguwa zai tsaya a ƙofar gida da takarda, rumbu kuwa babu komai. Sun san yadda ake sayar da akuyar uwar ƴaƴa don a fanshi maigida, yadda ake shanya dattijo a rana gaban ƴaƴansa, yadda Bafillace ke kwana cikin daji da shanunsa yana gudun ƙidaya. Haraji kuɗi ne, kuma igiya ce wadda hakimi da dagaci ke riƙe talaka da ita. NEPU ta yi shekaru tana kuka a kansa, an ɗaure ƴaƴanta, an yi musu bulala. Rimi da Balarabe suka tsinke igiyar nan, ba a daɗe ba sauran jihohin Arewa suka bi, don ba gwamnan da zai iya tsayawa gaban jama'arsa ya ce na maƙwabta sun huta, nasa su ci gaba da biya.

A 1980 ya mai da 1 ga Mayu ranar hutun ma'aikata. Gwamnatin tarayya ba ta yi haka ba sai shekara ta gaba. A wannan shekara ta 1980 ya kafa hukumar yaƙi da jahilci don manya, maza da matan aure, su koyi karatu da rubutu, har UNESCO ta yaba da aikin. Ya kafa kamfanin jarida na Triumph, wanda ban da ta Turanci ya riƙa buga Albishir da boko, da Alfijir da ajami, don almajiri ma ya san abin da duniya ke ciki. Ya kafa gidan talabijin na jihar, wanda daga baya aka sa wa sunansa. Ya kai wutar lantarki ƙauyuka. Jama'a suka yi masa laƙabi da Limamin Canji.

To, ƴan'uwa, ku tambayi kanku: me ya ba yaro ɗan ƙauye ƙarfin yin wannan duka cikin shekara uku da wata bakwai? Ba shi da bindiga. Shugaban ƙasa ba ɗan jam'iyyarsu ba ne. Attajirai da masu sarauta ba su ƙaunarsa. Ƙarfinsa guda ne: ƙuri'ar talaka, da rassan jam'iyya da ke kowace unguwa da kowace kasuwa. Ba mai iya korarsa da takarda guda. In ya yi magana, ana jin muryar dubban mutane a bayan tasa.

An kuwa biya wannan aiki da jini. A watan Yuli 1981 gwamnatinsa ta aika wa Sarkin Kano Ado Bayero takardar tuhuma. Ran 10 ga wata gari ya kama da wuta. Aka ƙone gidan rediyon jihar da ofisoshin gwamnati, aka bi Dakta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa, har gida aka kashe shi. Makonni kaɗan kafin haka, ran 23 ga Yuni, majalisar Kaduna mai rinjayen NPN ta tsige Balarabe Musa. Rimi bai gudu ba, bai sauka ba. Wannan shi ne mutumin a lokacin da ƙafarsa ke ƙasa.

INDA IGIYA TA SOMA TSINKEWA

Ba za mu ɓoye muku ba, ɓarna ta soma tun yana gwamna. A 1980 shi da Balarabe suka shiga taron gwamnonin da ke adawa da NPN, na UPN da GNPP. Shugabannin PRP suka hana, su kuwa suka ƙi ji. Jam'iyya ta rabu biyu: ƴan taɓo suna tare da Malam Aminu, ƴan santsi suna tare da Rimi. Ƴaƴan gida guda suka koma jifan juna a kan titi, abokan gaba suna kallo suna dariya. Har yau Kanawa suna gardama a kan wa ke da gaskiya. Abin da ba gardama a kansa shi ne, jam'iyyar da ta kai shi ta fita daga hannunsa, gama hukumar zaɓe ɓangaren Malam ta yarda da shi.

Malam Aminu ya rasu ran 17 ga Afrilu 1983. A watan Mayu Rimi ya koma NPP ta Dakta Azikiwe don ya sake tsayawa, ya kuma yi wani abu da ya kamata ku riƙe da kyau, gama za mu dawo kansa: ya ajiye kujerar gwamna da kansa, mataimakinsa Abdu Dawakin Tofa ya hau. Ya san da tutar PRP aka zaɓe shi, bai tafi da kujerar wani gida ba. A zaɓen 1983 Sabo Bakin Zuwo na PRP ya kayar da shi. Ran 31 ga Disamba na shekarar soja suka yi juyin mulki, Janar Buhari ya hau, aka kwashe ƴan siyasa zuwa kurkuku, Rimi na ciki. Bai fito ba sai zamanin Babangida. Watau ya san soja, ya ɗanɗana hannunsu. Ba wanda zai ce a duhu ya shiga abin da ya shiga daga baya.

ABIN DA KUJERAR BINDIGA TA YI

Ran 12 ga Yuni 1993 aka yi zaɓen shugaban ƙasa. Rimi yana cikin manyan SDP, ɗan takararsu Mashudi Abiola, Bayarabe daga Abekuta. Abokin karawarsa Bashir Tofa, ɗan Kano. Talakawan Kano suka yi abin da ya ba duniya mamaki: suka bar ɗan garinsu suka zaɓi Abiola. Babangida ya soke zaɓen. Ya sauka a watan Agusta, ya bar gwamnatin riƙo a hannun Shonekan. Ran 17 ga Nuwamba 1993 Janar Sani Abacha ya ture ta. Nan take ya rushe majalisu, ya kori gwamnonin da aka zaɓa, ya soke jam'iyyu, har da SDP.

Bayan ƴan kwanaki aka karanta sunayen ministoci. Baba Gana Kingibe, wanda ya tsaya mataimakin Abiola, ya karɓi harkokin waje. Lateef Jakande, tsohon gwamnan Ikko, ya karɓi ayyuka da gidaje. Solomon Lar ya karɓi harkokin ƴan sanda. Abubakar Rimi ya karɓi ma'aikatar sadarwa, watau waya da gidan waya. Mutumin da ya rushe musu jam'iyya jiya, yau shi ke rantsar da su.

To, ga na ciki, ga alƙalami a hannunsa. Mu ga gyaran.

Ran 11 ga Yuni 1994 Abiola ya fito a Ikko ya ce shi ne shugaban da jama'a suka zaɓa. Ran 23 ga wata aka kama shi. Ƙuri'ar da aka kulle tare da shi, har da ta talakan Kano wanda Rimi ya roƙa ya fito ya jefa. Minista yana zaune.

Ma'aikatan man fetur suka shiga yajin aiki a watan Yuli don a saki Abiola. A watan Agusta gwamnati ta rushe shugabancin ƙungiyoyinsu, ta rushe na babbar ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, ta kama Frank Kokori, sakataren ma'aikatan man. Mutumin da ya fara ba ma'aikata ranar hutu a Nijeriya yana cikin wannan gwamnati. Yana zaune.

A cikin wannan shekara aka rufe jaridun Concord da Punch da Guardian. Mai Guardian ɗin, Alex Ibru, shi ne ministan cikin gida a lokacin, bai iya hana a garƙame ƙofar kamfaninsa ba. Ku ji fa, ƴan'uwa! Minista bai iya tsare shagonsa ba, shi ne zai tsare naku? Wanda ya kafa wa talakan Kano jarida har da ajami yana teburi guda da shi. Yana zaune.

Wayar fa da aka ba shi? Je ka tambayi dattijon Kano abin da Gwamna Rimi ya yi, zai ƙidaya maka har yatsunsa su ƙare. Tambaye shi abin da Minista Rimi ya yi, ka ga ya yi shiru yana susar gemu. Shekaru bayan ya bar ma'aikatar, layukan waya a duk Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan ɗari. Talaka bai riƙe waya ba sai da ta salula ta zo a 2001.

A watan Fabrairu 1995 Abacha ya rushe majalisar ministocin. Ya gama da su. Sunansu yake bukata don ya wanke juyin mulkinsa a idon jama'a, ya samu, ya sallami da yawa daga cikinsu. Wanda ya ajiye kujerar gwamna da hannunsa a 1983 don ya canja jam'iyya, bai ajiye ta minista ba ranar da aka ɗaure ɗan takararsa. Ya ƙara fiye da wata bakwai a kanta, sai da aka janye ta daga ƙarƙashinsa. Hausawa sun gama magana: kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski.

HUJJAR MASU MANYAN RIGUNA

Za su zo muku da hujja uku. Ku shirya musu.

Ta fari, za su ce an yaudare su ne, gama an ɗauka Abacha zai miƙa wa Abiola mulki, Abiola da kansa ma ya ziyarci Abacha kwanaki kaɗan bayan juyin mulkin. Mun ji, haka aka yi. To, a ce yaudara ce a Nuwamba 1993. Ran 23 ga Yuni 1994 fa? Ranar nan yaudara ta ƙare, kowa ya ga fuskar abin. Wanda aka yaudara, in ya gane, tashi yake. Me ya riƙe su? Mota da tuta da ƴan rakiya, da dogon layin masu neman alfarma a ƙofar gida. Kujerar nan tana da danƙo.

Ta biyu, za su ce da ba su shiga ba, da abin ya fi haka muni. Ku ce su nuna muku mutum guda da suka fitar daga kurkuku, ko jarida guda da suka hana a rufe. Suna ciki aka yi duk abin da muka lissafa. Abin da shigarsu ta ƙara shi ne ruɗu: talakan da ya ga Limamin Canji a bayan Janar ya ce, to, watakila akwai alheri a ciki. Hannun da ya kamata ya ɗaga don ƙi, sai ya sauke.

Ta uku, wadda ta fi guba, za su ce ai namu ne. Abacha a Kano aka haife shi. To, me wannan ya saya wa Rimi? Ku ji ƙarshen labarin. A 1998 jam'iyyu biyar da gwamnati ta yi wa rajista duk suka tsai da Abacha ɗan takararsu, don ya tuɓe kaki ya zarce. Tun farkon shekarar manyan Arewa goma sha takwas suka sa hannu a takarda suka ce ba su yarda ba, daga baya suka zama talatin da huɗu daga duk faɗin ƙasar, a ƙarƙashin Dakta Alex Ekwueme. Rimi yana cikinsu. Sai ɗan garin nasu ya sa aka kama shi, shi da Sule Lamido, aka kulle. Shehu Musa Ƴar'aduwa, ɗan Katsina, ya riga ya mutu a kurkukun Abakaliki a watan Disamba 1997. Rimi bai sha iska ba sai bayan mutuwar Abacha ran 8 ga Yuni 1998. Abiola kuwa ya mutu a tsare ran 7 ga Yuli. Ga ladan "namu ne".

Muna jinjina wa Rimi a kan takardar nan ta 1998. A lokacin mutane suna tsoron inuwarsu, shi ya sa hannu. Amma ku lura da kyau: ranar da ya tsaya wa Abacha, daga waje ya tsaya. Yana minista bai iya ba. Ashe na waje ba ihu kaɗai yake ba.

Daga cikin mutanen nan PDP ta fito a watan Agusta 1998, Rimi yana cikin waɗanda suka kafa ta. Ya nemi ta tsai da shi shugaban ƙasa a 2003, Obasanjo ya kayar da shi. Ya fita, ya dawo. Har ya rasu bai sake hawa kujerar da jama'a suka zaɓe shi a kanta ba. Mutum guda ne, baki guda, zuciya guda. Da ƙuri'a ta ɗora shi ya tsinke igiyar haraji. Da bindiga ta ɗora shi ya zama ado a teburin wani.

ABIN DA MUKE SO KOWANE RESHE YA YI

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Muna roƙon kowane kwamiti, a taronsa na gaba, ya karanta takardar nan, sa'an nan ya tsai da shawara a kan abu huɗu.

Na ɗaya. Duk wanda kuka ɗaga, ku gaya masa tun ranar farko cewa sunan da yake taƙama da shi naku ne, aro kuka ba shi. Ba shi da ikon kai shi kasuwa ya sayar ba da saninku ba.

Na biyu. In an kira shugabanku an yi masa tayin muƙami, ku tambaye shi a gaban jama'a: wa ya ba ka, kuma wa ke iya ƙwacewa? In amsar mutum guda ne wanda ba ku zaɓa ba, to wannan mutum shi ne ubangidansa daga ranar, ku kuwa kun zama ƴan kallo.

Na uku. In ya nace sai ya shiga, ya faɗa muku da bakinsa abin da in aka yi shi zai fito. A rubuta a littafin reshe, da kwanan wata, da shaidu. Ranar da aka yi abin, ku kai masa littafin har ofis.

Na huɗu. Ku kiyaye rabuwar kai. Rikicin santsi da taɓo ne ya raba Rimi da gidan da ya gina shi. In saɓani ya tashi tsakanin manyanku, ku tilasta musu su zauna gabanku a warware, kada ku yarda a mai da ku ƴan jifa. Tsintsiya maɗaurinta guda.

Kada kuwa wani ya karanta wannan ya ce ai duk ƴan siyasa ɗaya ne, gara mutum ya kama sana'arsa. Wannan ma waƙar masu manyan riguna ce, don ku bar musu fili. Manomin Sumaila da na Gumel da suka daina ɓuya daga mai karɓar haraji sun san ba ɗaya ba ne. Ƙuri'arsu ce ta yi musu wannan aiki, ta hannun Rimi. Ku riƙe taku, ku riƙe wanda kuka ba.

Allah ya jiƙan Abubakar Rimi, ya saka masa da alherin da ya yi wa talaka, ya yafe masa kurensa. Mu kuma Allah ya tsare mu da kwaɗayi, amin.

Wanda ya gama karantawa ya miƙa wa na kusa da shi.